In Ɗaya Ya Lalace

Dangora,
19 ga Janairu, 1992.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Legas. Yaya aiki, yaya kuma tarin nan da ka tafi da shi? Mu nan lafiya lau. Baba da Iya suna sa maka albarka. Balaraba ta fara zuwa makarantar allo, kullum sai ta dawo da tawada har a kunne.

Takardarka ta iso ta hannun Mainasara direban motar tumatir. Na karanta na sake karantawa ina neman inda ka tambayi lafiyata, da ƙyar na tsinto wurin a can ƙarshe, a matse ƙarƙashin zancen amfilifaya. Ba komai, na gode.

Ga yadda ake ciki game da gidan kallon naku kai da ƙanenka. Sunusi ya gama rufa rumfar, ya jera benci, talabijin da bidiyon da ka aiko suna aiki. Matsalar tana nan inda ka bar ta. Da an tayar da janareta sai ƙararsa ta cinye muryar talabijin, na bencin baya sai dai su kalli baki yana motsi. Shi ya sa Sunusi ya je Tudun Wada ya ga kayan sautin wani mai gidan kallo. Tun da ya dawo ba shi da zance sai na akwatin nan guda ɗaya mai haɗe da komai, rediyo da amfilifaya da wurin kaset duk a cikinsa, a jona bidiyo ta baya, a ja waya zuwa lasifika, shi ke nan. Wai ko Balaraba za ta iya kunna shi.

Kai kuma na ga zuciyarka ta karkata ga na rarrabe, amfilifaya daban, na kaset daban, rediyo daban, a ɗora wani kan wani. Na fahimci hujjarka, cewa mai haɗen in ya mutu ya mutu gaba ɗaya, a kwashe shi a kai Kano, rumfa ta zauna shiru. Ni sanina a kayan sauti bai wuce murɗa rediyon Iya ba, don haka ba zan sa baki ba. Amma na san Sunusi. Tun da ya faɗi da achaɓar da ka saya masa a Kwanar Dangora bara, ka ce masa cikin fushi duk abin da ya taɓa sai ya lalace, maganar ba ta fita daga ransa ba. Kai ka manta, shi bai manta ba. Wannan ne karo na farko da na ga ya kawo shawara da ƙarfin gwiwa, kuma ina jin tsoron yadda zai ɗauka in aka watsar da ita. In ba za ka bi zaɓinsa ba, don Allah ka lallaɓa shi, ka rubuto masa da hannunka.

Delu matarsa tana gaishe ka. Ka riƙa shan zumar da na sa maka a jaka, ba don ado na sa ta ba.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Asma'u.

Dangora,
9 ga Fabrairu, 1992.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, amma hankalinmu a tashe yake.

Na roƙe ka takarda, ka aiko saƙon baki. Na san za ka ce ka tarar da Mainasara har ya tayar da mota, babu lokacin neman biro. To ga abin da saurin ya haifar. Mainasara ya iso bayan la'asar, Sunusi yana lambu. Maimakon ya jira shi, sai ya shiga zaure gaishe da Baba, ya tarar da shi da dattawan unguwa, ya durƙusa ya zazzage saƙon a gabansu. Muna tsakar gida ni da Delu muna tankaɗe, mun ji komai, don ka san muryar Mainasara ba ta buƙatar lasifika.

Cewa ya yi, "Lawal ya ce a gaya wa Sunusi ya yanke shawara, rabawa za a yi. Kowanne ya zauna da kansa, in ɗaya ya lalace sai a fitar da shi, ba zai ja 'yan'uwansa ba."

 Wani dattijo ya tambaye shi me za a raba, ya ce shi dai iyakar abin da ya ji ke nan, injin mota yana ƙugi. To a gidan da 'ya'ya maza biyu suke noma gandu ɗaya da mahaifinsu, in an ce rabawa, me kake so mutane su ɗauka? Kafin magariba labari ya zaga Dangora cewa ka nemi a raba gandu, ka kuma kira ƙanenka lalatacce a bainar jama'a.

Ni na gane kayan sauti kake nufi. Amma ta yaya zan shiga zaure in tsaya gaban surukina in gyara masa magana, ni da ko haɗa ido ba na yi da shi? Na je wurin Iya na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, sannan ta dafa ni ta ce Allah ya yi mini albarka, mace tagari ita ce mai rufa wa mijinta asiri. Ka ji fa. Gaskiyar tawa ta zama rufin asiri. A bakin rijiya kuma cewa ake yi matar bokon nan ce ta zuga shi, tana so ta ci kuɗin Legas ita kaɗai. Wannan bai dame ni ba kamar yadda Delu ta daina shigowa ɗakina.

Na tare Sunusi da takardarka ta baya, na nuna masa inda ka yi zancen na rarrabe. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce shi ma ya san da maganar amfilifaya, amma hannunka mai sanda ka yi masa, don da kaya kake nufi da ka kama sunansu. Ka san yadda ya saba tsokanata, yana cewa miyata ba gishiri alhali ya suɗe kwano. Yanzu gaisuwa ce kawai a tsakaninmu, yana yi yana kallon ƙasa.

Halin da Baba yake ciki ne ya fi ba ni tsoro. Tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Jiya ya aika Bebeji a kira ƙanensa Baffa Isa, kuma kowa ya san ba a kiran Baffa sai za a taka gona.

Don Allah ka nemi izini a wurin aiki ka zo. In kuma ba ka riga ka sayi kayan ba, ka sayo mai haɗen da Sunusi yake so. Ko da shi ne bai kai ɗayan kyau ba, ko da zai mutu bayan wata guda, ka sayo shi. Ina cikin fargaba, ban taɓa jin gidan nan haka ba.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Asma'u.

Dangora,
27 ga Fabrairu, 1992.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata tarin ya sake ka. Baba da Iya suna lafiya, ana ta shirin azumi.

Saƙonka ya iso, akwatin da takardar da ka rubuto wa Baba. Na san ba da son ranka ka sayi mai haɗen ba, Allah ya saka da alheri. Sunusi ya jona shi, muryar akwatin har bakin tasha ake jin ta, janareta ma ya ji kunya. Benci yana cika kullum, ana rufewa lokacin salla kamar yadda Baba ya sharɗanta.

Takardar kuwa, Malam Abdussalami liman ne ya karanta ta a zaure, Baffa Isa yana zaune. Da ya kai inda ka ce 'yan'uwan da kake nufi su ne rediyo da na kaset, sai dariya ta ɓarke har ana tari. An sa wa Mainasara suna Raba-gandu, kuma ina jin da shi zai mutu. Ni da Iya muna bayan ƙyaure, na ji kamar an sauke mini tulu daga kai. Na ɗauka shi ke nan.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira aka natsu, sannan ya yi magana a hankali.

"Na yarda ba mu yake nufi ba. Amma ranar da aka kawo saƙon, mu nawa ne a nan? Ko mutum ɗaya bai ce Lawal ba zai faɗi haka ba. Ni ma da na haife shi ban ce ba. Gara in raba musu ina da rai."

 Ni ma ina cikin waɗanda ba su ce ba, domin ban gaya maka duka ba a waccan takardar. Da na ji muryar Mainasara, ba amfilifaya ce ta fara zuwa raina ba. Sai da na ajiye rariya na zauna, sannan na tuna da takardarka. Ka yafe mini, amma ka tambayi kanka me ya sa har ni na yarda.

Washegari Baffa ya taka gonar da su Baba, aka ja layi da fartanya daga tsamiya zuwa bakin rafi. Sunusi bai yi musu ba, bai kuma yi murna ba. Da na ce masa zan rubuto maka, ya ce in gaya wa mai kaya ya gode. Mai kaya ya ce, bai ce Yaya ba.

Shekaranjiya aka raba tukunya. Delu ta kafa murhunta a ɗaya ɓangaren, tana jera duwatsun tana share hawaye, ni ma ina yi a nawa. Da aka sauke tuwo, Balaraba ta ɗauki ɗan kwanonta ta nufi wurin Delu yadda ta saba ranar girkinta, sai ta ga ni ma ina kwasa. Ta tsaya a tsakiyar gida tana kallonmu, ta tambaye ni yau girkin wa ne. 

Layin fartanya ne kawai tukuna. Baffa ya ce ba za a dasa gambar iyaka ba sai ruwan farko na damina ya sauka, kuma ka san in gamba ta kama ba a tuge ta. Kada ka aiko direba, kada ka aiko takarda, kada ka ƙara sayo komai. Ka zo da ƙafarka ka zauna da ƙanenka, ya ji daga bakinka. Ko tunawa na yi da ranar da hadari zai fara haɗuwa ta gabas, gabana faɗuwa yake yi.

Allah ya kawo ka lafiya.
Matarka,
Asma'u.