Inda Ba Mai Taka Ƙasa

Zuwa ga iyayena, Baba Wendell da Baba Luc,

Ina gaishe ku. Yaya sanyin Winnipeg? Baba Luc, yaya ciwon bayan?

Lafiyata ƙalau. A makarantar haziƙan nan ta sararin samaniya kowa shawagi yake yi, har ba wanda ya san ni gurguwa ce. Ya kamata in yi murna, ko? Amma jiya na farka ina laluben tayoyin kekena.

Likita ta ce in na ƙara shekara a nan, ƙasusuwana ba za su sake jure zaman duniya ba. Malamai kuma suna so in zauna. Kaina ya ɗaure.

Don Allah kada ku kyautar da keken tukuna.

'Yarku,
Tamsin