Tarwadar Bayan Kamfanin Katifa

Litinin, 3 ga Maris
Na kai wa 'yata Auta tarwada, mai jego ai sai da kifi. Ta dawo mini da ita a cikin leda! Wai a wurin aikinsu, inda suke gwajin ruwa, sun auna lakar tafkin nan da nake kamun kifi, sun tarar da maganin da kamfanin katifa ke sa wa soso don kada ya ci wuta. Yana kwanciya a laka, tarwada kuwa a laka take kiwo. Na ce da wannan kifin na raine ta har ta yi bokon da take yi mini iyayi da shi.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ci tarwadar ni kaɗai, har kai. Ga ni garau.

Asabar, 8 ga Maris
Ta zo da jaririn. "Baba, abin ba ya ɗaci, ba ya wari. A kitse yake taruwa, ya bi nono." Ta faɗa tana kallon yaron, ba ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato ni zan cuci jikana? Uwarta ta ce in sassauta, na ce ba inda zan kai komata ta kamun kifi. Nan ubana ya yi sana'ar su.

Juma'a, 14 ga Maris
Na zaga bayan kamfanin, don dai in samu abin ƙaryata ta. Ga bututu yana tsiyaya, ga ɓarɓashin soso ya maƙale a ciyawa. A daidai nan nake kama manya-manyan. Na cusa hannu a lakar, baƙa, mai santsi kamar kullum. Abinci ya ƙi shiga yau.

Talata, 18 ga Maris
Na tuƙa kwalekwale can sama da kamfanin, inda kogi ke shigowa. Nisa kamar me, kafaɗa har yanzu zugi take. Ba don maganarta ba ne, kifin can dama ya fi daɗi. Na tafi da kwalaben gwajin Auta guda biyu, tunda hanya ce, na cika su da lakar wurin.
Da na kai mata kwalaben da kifin da na kamo, ta ce, "Sai sakamako ya fito zan ci, Baba."
Na ce to. Kifin na cikin baho da ransa, ina canza masa ruwa.