Gwangwanin da Na Yi Mako Tara Ban Buɗe Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da har yanzu a hoto kawai na san ta. Allah ya ƙara miki ƙarfi a aikin asibiti, ya tsare ku a inda kuke. Mama ta zo ranar ziyara. Ta ce ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma shago, sai dai ya ƙi riƙe sanda, wai sanda ta tsofaffi ce. Keken ɗinkinta ya sake tsayawa, amma ta ce ba za ta rabu da shi ba tunda ya girme mu duka. Karatu kuma lafiya lau, ni da lissafi ne dai har yau ba mu shirya ba.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa wa Mama, ko da yake mun daɗe zaune a gindin bishiya tana tambayata me ya sa na rame. Kin tuna gwangwanin madara na zumuntar ɗalibai Kirista, mai tsaga a murfi, wanda 'yan mata ke jefa roƙon addu'arsu a ciki? Wanda kika riƙe shekara biyu kina makarantar nan? A farkon shekara aka danƙa mini shi. Malamar da ke kula da zumunta ta ce ta zaɓe ni ne don ina da riƙe sirri, kuma ni ƙanwarki ce. Da fari kowace Laraba da yamma nakan shiga ajin da ba kowa, in durƙusa tsakanin bencuna, in buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci har hawaye nake yi a kan matsalar wadda ban ma san fuskarta ba.

Ban san ranar da abin ya tafi ba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ɓata mini rai, ban kuma aikata wani abin kunya ba. Na dai wayi gari ina addu'a kamar mai buga waya tana ta shiga ba a ɗauka. In na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in karanta layi ɗaya sau uku, hankalina yana can wurin wanki. A sujadar coci bakina ne kawai ke motsi. Daga nan na daina buɗe gwangwanin. Ran Lahadi in ajiye shi a kan tebur, a jefa takardu, in mai da shi ƙasan akwatina in rufe da zane. Mako tara ina haka, ana kallona a matsayin mai addu'a.

Ran Asabar da ta wuce ina shanya kaya, wata 'yar aji ɗaya da ake kira Allura saboda sirantarta ta zo ta tsaya a bayana. Ta ce an sallamo mamarta daga asibiti, kuma ta san addu'ata ce. Ta miƙo mini rabin sabulu, wai shi ke nan abin da take da shi. Yaya, na karɓa. Ko takardarta ban taɓa gani ba, amma na karɓa har da yin godiya. Kwana biyu sabulun nan yana cikin akwatina, na kasa wanka da shi. Ran Litinin na nemo ta a bayan ɗakin cin abinci na faɗa mata gaskiya. Ta kalle ni, sai ta ce ashe Allah yana iya karanta takarda ko ba a buɗe murfi ba. Ta ce in riƙe sabulun, don ba ta saba karɓe kyauta ba, kuma dama ba ya kumfa sosai.

Ran Laraba na ɗauko gwangwanin na koma ajin nan. Na zazzage takardun a kan benci, wasu har sun fara laushi. Ban ji komai ba, kada in yi miki ƙarya. Na dai karanta kowace da ƙarfi, in ce Ubangiji ga ta nan, in ɗauki ta gaba. Wajen ƙarshe na buɗe wata da aka yago daga littafin lissafi, ba suna. An rubuta cewa a yi wa mai riƙe da gwangwanin nan addu'a, domin ta daina waƙa. Mako nawa takardar nan ta yi a ƙasan akwatina, ni da kaina na danne ta da zane? Ban san wadda ta rubuta ba. Tun ranar nake kallon kowa a ɗakin kwana da wani ido daban.

Har yanzu wayar ba a ɗauka ba, Yaya, amma na yi niyya ba zan sake tsallake Laraba ba. Ina so ki gaya mini tsakani da Allah, ke ma kin taɓa durƙusawa a ajin nan ba ki ji komai ba? Me kika yi? Ki kuma ba ni shawara ko in sanar da Malama, don ina tsoron ta karɓe gwangwanin, ina kuma tsoron ta bar mini shi.

Ki gaida maigidanki da kyau, da surukarki da ta zo taya ki reno. Ki sumbaci 'yar ƙaramar a madadina, ki ce mata ƙaramar mamarta tana nan tana koyon saƙa mata hula. Za ki ga wata 'yar takarda a ninke cikin ambulan ɗin nan. Ita ce ta littafin lissafin. Duk sauran na yi musu addu'a, wannan ce kaɗai ta fi ƙarfina, shi ya sa na aiko wa wadda ta riƙe gwangwanin kafin ni.

Taki ƙanwa,
wadda kike kira Shiru-shiru