Ya shiga, Yaya Kaltuma

Yaya,

Na fita famfo, ban tashe ki ba.

Gilashin nan na sawa cikin ido ya shiga, duka biyu, da hannuna! Na cika shi da sirum, ruwan gishirin nan na asibiti, na sunkuya kamar mai ruku'u yadda likitan Yamai ya nuna mini, na riƙe fatar idon, ban ƙifta ba. Na idon dama ya yi kumfa, na cire na sake. Yau babu kuka, babu zagin madubi.

Ki yi haƙuri, ruwan da ya rage a gindin randa shi na wanke hannu da shi. Na san jiya sai da rana ta yi tsaka kika samo shi. Ba a taɓa abin nan da hannu mai datti, kin ji da kunnenki. Na ɗauki bidon ɗiban ruwa biyu, kuma yau ba zan kinkimo na maƙwabta ba, ina ganin jan zaren da kika ɗaura wa namu.

Hatsin taimako da kika hana ni taɓawa na tsince shi tas. Tsakuwar tana cikin murfin kwano a bakin ƙofa, ki duba ki gani.

Kafin in fita na tsaya a kanki. Fuskarki ɗaya ce, ba uku ba kamar yadda na saba gani. Ashe furfura ta fito miki, kina ɗaukar mini ruwa, ba wanda ya gaya mini.

Ki yi barcinki. Layin famfo na yau ni zan bi.

Zara