Akwatin Matthew Ya Ƙi Zuwa

Litinin, 5 ga Agusta, 1985

Ernest ya zo daga Legas, abokin aikin Matthew. Sun binne ɗana a can, wai zazzaɓi. Ya ce ya taho da akwatinsa a jirgin sama, shi ya sauka, akwati bai sauka ba. 'Yata Celina tana ta kuka. Na ce mata ki yi wa wanki kukan, ni na gama nawa tun ranar da ya ƙi zuwa jana'izar uwarku saboda aiki. Ranar na rantse a bakin ƙofar nan: shi da kayansa ba za su ƙara shiga gidana ba.

Laraba, 7 ga Agusta

Ernest ya zauna yana yi mini bayanin aikinsu, kamar na tambaye shi. Wai a babban filin jirgi ba a ɗaukar kaya a ka. Ka ajiye, a ɗaura wa hannun akwatin 'yar alama mai sunan gari, bel, wato doguwar shimfiɗa mai tafiya da inji, ya ja shi ta cikin labulen roba. A ƙarƙashin gini akwai bel bisa bel, kowane gari da hanyarsa, wani ƙarfe yana tura kowane kaya zuwa nasa layin. Matthew ne mai gyaran bel ɗin.

Na ce, in alamar ta tsinke fa?

"Sai ya yi ta zagaye, Baba, har wani ya gane shi."

Ni da na tsufa ina dako a tashar jirgin ƙasa! A wajenmu kaya ba ya tafiya shi kaɗai. In mai shi ya mutu a hanya, sai na jikinsa ya kira sunansa a kan kayan kafin a ɗaga, in ba haka ba, ba zai bi ka ba. Yaran yanzu dariya suke yi.

Juma'a, 9 ga Agusta

Wai an ga akwatin a Kano. Kafin a je, ya koma Legas.

Lahadi, 11 ga Agusta

Ban je coci ba. An yi ruwa da hantsi. Da ya ɗauke na leƙa, ko'ina a jiƙe, amma dab da bakin ƙofa akwai wuri busasshe mai kusurwa huɗu, daidai girman akwati. Na kira Celina. Kafin ta fito daga madafa ya jiƙe. Ta ce Baba ka ci abinci.

Injin niƙan maƙwabta yana ta juyi. Duk Kakuri an san ba sa niƙa ran Lahadi.

Laraba, 14 ga Agusta

Ernest ya sake zuwa filin jirgi, ya dawo hannu rabbana. Hutunsa zai ƙare. Ya ce in ba a karɓi akwatin ba, za a jefa shi ɗakin kayan da ba su da mai su. "Baba, ko sau ɗaya ka bi ni mana." Na ce ni ban aiki kowa Legas ba.

Busasshen wurin ya dawo. Yau ya matso, rabinsa a kan dokin ƙofa. Bai shigo ba.

Asabar, 17 ga Agusta

Na je filin jirgi. Don in ga ƙaryar bel ɗin ne kawai.

Abin yana tafiya ba wanda ke ja. Kowa ya ɗauki nasa ya watse, sai labulen ya buɗe, ga shi. Akwatin ƙarfe shuɗi, wanda na saya masa da hannuna, ba alama a jikinsa. Ernest ya kai hannu, akwatin ya wuce shi. Ya shige labule, ya fito. Duk zagaye sai ya rage gudu a gabana. Ernest ya ce nauyi ne.

Na ce, Matthew. Ban ɗaga murya ba.

Wuta ta ɗauke, bel ya tsaya. Wutar Kaduna ce, kullum haka take.

Na naɗa gammo da ƙyallen wuyana. Celina ta ce a sa shi bayan mota, na ce a cinyata zai zauna. Daga titi zuwa gida a ka na kawo shi. Da na zo ƙofa sai na sunkuya, saboda ƙofar gajera ce.

Yana ɗakina. An yi ruwa da yamma, bakin ƙofa ya jiƙe duka.