Na Ba Ki Tafkina na Biyu

Zuwa ga sanyin idona, ruwan safiya da ba a jefa wa dutse ba, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ke da murmushinki ya fi min motsin igiya sa'ad da kifi ya taɓa ƙugiya!

Yau kwana tara ba ki ɗaga wayata ba. Ina kan keken ɗinki, hankalina yana ƙofar gidanku, har jiya na ɗinke wa wani bawan Allah bakin aljihu ruf. Laifina? Na samu sabon wurin fatsa na ƙi faɗa miki, kika turo saƙo wai mai ɓoye ruwa zai ɓoye komai, in nemi wata.

Haba, tauraruwata! Kin manta tafkin farko? Wata biyu ina ratsa ƙaya kafin na gano shi. Sati uku ina zuwa da sassafe ina zuba dusa a gurbi ɗaya, ban jefa ƙugiya ko sau ɗaya ba, don kifi su saki jiki. Mu 'yan fatsa ko ɗan'uwa ciki ɗaya ba ma gaya wa. In daga yamma muka fito, gabas muke nunawa. Amma ke na kai ki. Kika zauna kan kifaffen bokiti kina ƙyamar tanar da ake sa wa ƙugiya, kika jawo karfasa mai faɗin tafin hannu kina ihu, ni kuwa na ji duniya ta ishe ni. Ranar kika rantse babu mai ji.

Kuma kin cika alkawari, ya ke rumbun sirri! Mutum ɗaya tak kika gaya wa, Yayanki direba. Laifinki ne da motarsa take cin mutum goma sha takwas? Asabar na zagayowa na tarar da su da tarun kamun kifi, da rediyo, har da mai sayar da lemo. Kifin da na ciyar da hannuna na gani jibge a kwando. Yaya ya zaɓo min biyu, wai albarkacin surukuta. Allah ya saka masa!

Wannan na biyun, wata huɗu na yi ina nema. Ba hayaniya, ba sawun kowa, tarwaɗa kamar cinyar mutum. Shekaranjiya na je na zauna, kifi yana ci, ni na kasa murna. Wa zan nuna wa? Shirun da nake ta bi shekara da shekaru ya zame min ciwo, na naɗe igiyata tun hantsi na dawo. Ina son ki, wallahi, fiye da yadda ya dace da mai hankali.

To ga shi. Ki wuce gidan bulon da aka rufe, ki bi hanyar shanu ta hagu har bishiyar da tsawa ta raba biyu, ki gangara. Gurbin yana ƙarƙashin dutsen da ya leƙa ruwa. Ba zan ce ki rantse ba, kada in ja miki zunubi. Ki dai ce wa Yaya su yi sammako, an fi samu kafin rana ta ɗaga.

Ni kuma ki ɗaga wayata.

Naki har ruwan duniya ya ƙafe,
Telanki, marar tafki