Na Shayar da Baturan Motarka

Iliyasu,

Na tafi Bunkure jana'iza, sai bayan La'asar.

Ɗazu da hantsi na shiga motar nan taka mai gado, na kunna esi in sha sanyi. Ko minti goma bai yi ba ya ɗauke, inbata, na'urar wutar solar nan, ta hau kuka. Na buɗe baturan nan huɗu, sai na ga ruwansu ya ja baya. Ƙishirwa ce kawai! Ni da na shekara arba'in ina ban ruwa a Kadawa, farin da ya ƙarar da shanun garin nan bai kashe ni ba, batir ne zai gagare ni don ban yi boko ba? Na ɗebo ruwan kanal a buta, na shayar da su har wuya.

Ɗaya daga ciki dai yana ɗan tafasa, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kada ka kunna komai, kada matarka ta shiga da jaririn. Kira mai sola ya duba tukuna.

Uwarka na ta mita, wai ruwan batir daban ne, na kwalba. Yaushe ta zama injiniya? In mutumin ya yaba aikin, ka ce ni ne. In bai yaba ba, kada ta ji.

Babanka